Turin Babur Daga Gindin Tsamiya

Nafi'u ne ya kawo zancen a inuwar da muke ajiye babura a Doguwa, wai ya gan ni da idonsa ina tura babban babur ɗina a burtali, ina haki, gumi har gemu. Kuka kwashe da dariya. Wani ya ce mai ne ya ƙare mini, wani ya ce a'a, Baba Sale ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. To, Nafi'u bai yi ƙarya ba. Kullum safiya ina tura shi, daga gindin tsamiya har bakin rugar Ardo Buba, kuma tankina cike. Tunda babu fasinja, ku matso ku ji dalili. Sai dai daga baya zan faro, don ku a wurinku sana'ar nan ba ta wuce a buga kik a murɗa a tafi ba.

Ni mutumin Yako ne, can ƙasar Kiru. Mahaifina ya kai ni Bebeji wurin wani bakanike, Malam Tanko, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ina rumfarsa ban taɓa ɗora gindina a kan babur ba. Wanke fulogi, faci, ɗaure cen, juye baƙin mai, aikina ke nan. Malam Tanko yana da wata ɗabi'a. Zai zauna ya juya wa titi baya yana kwance inji, sai kawai ka ji ya ce, “Sale, wa ke tafe?” In na ɗaga kai zan duba, sai ya wurgo mini tsumma.

“Na ce ka duba? Kunnen nan naka na ado ne?”

Da haka na koya. Kafin in bar rumfar nan, ido a rufe nakan ce wannan Liman ne, cen ɗinsa ya saki, wancan kuma mai shayi ne, salansarsa ta huje. Babu babur biyu masu kuka iri ɗaya, ko rana ɗaya aka sayo su.

Ranar da ya yarda in hau, sai ya cika ƙwarya da ruwa, ya ɗora ta a kariyar bayan babur a kan gammo, ya ce in je kasuwa in dawo. Na dawo da rabi. Ya ƙara cikawa. Sati uku ina wannan zirga-zirga, mutanen Bebeji suna tambaya ko Malam Tanko ya koma sayar da ruwa. Ranar da na dawo da ƙwaryar a cike, ya leƙa, ya ce, “To, yanzu ana iya ba ka mutum.”

Aikin nono shi ya kawo ni Doguwa, shi ya riƙe ni shekara ashirin da bakwai. Wadda na fara ɗauka Inna Hajjo ce, yayar Ardo Buba. A lokacin ma ta manyanta. Na tarar da ita a bakin rafi da ƙwarya a ka, ta tattare zani za ta tsallaka. Na yi mata tayi. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin, ta ce, “Kaɗo, in ka tsinka mini kindirmo, kai za ka sha shi duka.” Kun san kindirmo in ya kwanta, a daskare yake, kana iya yanka shi da ludayi. In ya sha jijjiga ya tsinke ya zama ruwa, kuma matar kasuwa ba ta yi masa kallo na biyu. Muka isa kasuwa, ta ɗaga faifai, ta sa ido, ta rufe. Ba ta yaba ba. Washegari dai na tarar da mata huɗu suna jirana.

Kuna ganin kamar ɗaukar nono ɗaukar buhu ne? Ina! Da farko kana rage wa tayar baya iska kaɗan. Ƙwarya ba ta taɓa ƙarfe, sai an sa gammon tsumma, sannan a ɗaure da robar tsohon tub, don igiya ba ta da sassauci. A giya ta biyu ake tafiya, hannu ba ya sama ba ya ƙasa. In ka shiga yashi ka manta da birkin gaba. In za ka faɗa rami, kai ne za ka miƙe ka karɓi bugun da gwiwarka, kada ya kai ga kaya. A ƙarƙashin kujerata kullum akwai famfo, kayan faci, sifana biyu, da fulogi guda a naɗe a leda. Wanda ya shiga daji babu waɗannan, ya shirya dawowa a ƙafa.

Ƙaramin babur ɗina na wancan lokaci yana da wani ɗan tari in na sauka giya a bakin rafi. Na yi gyaran duniya bai daina ba. Mutanen rugar da tarin nan suka san ni. Inna Hajjo ta ce da ta ji shi take fara ɗaure faifai, kafin in iso ta gama.

“Akuyarka ba ta warke ba har yanzu?” Gaisuwarta ke nan kullum, bayan jam waali, wato ina kwanan Fulani.

Sai shekarar da aka watse. Wasunku lokacin kuna makaranta. Ɓarayin shanu suka addabi gefen dajin nan, kuma a kan manyan babura suke zuwa, uku-uku, fuska a rufe. Rugar Ardo Buba da hantsi suka shige ta, ido na ganin ido, ba su ko jira duhu ba. Ba na nan, na tafi Tudun Wada sayen taya. Suka kora garke. Gidado, ɗan farin Inna Hajjo, shi ke wurin shanu a ranar, can gabas da rugar, bayan kwazazzabo. Aikin da na yi washegari shi ne na ɗauko yadin likkafani daga gari. Na naɗe shi a leda saboda yayyafi, na ɗaure da robar da nake ɗaure ƙwarya.

Kun san al'adarsu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun yana raye Inna “wancan” take ce masa, ko “mai shanun”. Bayan ya rasu ma ban ji ta canza ba, ban kuma ga hawayenta ba. Na yi mata ta'aziyya, ta ce, “Allah ya ba da lada,” ta juya ta ci gaba da wanke ƙwarya.

Rugar ta tashi. Damina biyu babu nono, na koma dakon gawayi da masara da taki, duk abin da ya samu. Da abubuwa suka lafa suka dawo kaɗan-kaɗan, da 'yan shanun da dangi suka tara musu. A nan ne muka zauna da Ardo, mu 'yan acaban da ke shiga daji, aka yi magana guda. Duk kukan injin da ba su sani ba, gudu za su yi, tambaya daga baya. Saboda haka duk wanda ya canza babur, kai, ko salansa ya canza, ba zai shiga burtali ba sai ya kai shi kasuwa ya tayar a gaban Ardo da matan, sun ji da kunnensu. Ina cikin waɗanda suka kawo shawarar. Har akwai wanda na taɓa yi wa tatas a inuwar nan saboda ya saɓa. Ku riƙe wannan.

Abin da ya raba ni da ƙaramin babur gwiwa ce. Shekarun da na yi ina karɓar bugun rami suka taru suka zo neman haƙƙinsu. Ga hanya ta lalace, kwalbatin bakin rafi ruwa ya tafi da shi, in damina ta yi nisa sai ka sauke ƙafa biyu kana tuƙi a cikin taɓo kamar mai kwalekwale. Na kai ga in na sauka da yamma, sai na dafa bango kafin in yi ruku'u. A asibiti aka ce in bar hawan babur. Na ce to, na fito na hau abina na dawo gida.

Surukina mijin 'yata a Tudun Wada shi ya ba ni labarin wani mai aikin awon hanya da ya gama aikinsa zai koma, yana neman rabuwa da babur ɗinsa. Na je na gani. Tabɗi! Tsayinsa kamar ɗan maraƙi, taya mai gargasa, tanki kamar tulu, sifirin ɗinsa mai shan bugun rami dogo. Mutumin ya ce in zauna in gani. Na zauna, sai na ji kujerar ta nutsa da ni a hankali ta dawo. Na ce a raina, wannan shi zai riƙa karɓar ramin a madadin gwiwata. Na sayar da ƙaramin, na karɓi wannan. Ya haɗa mini da hular kwano mai rufe fuska da wata baƙar riga mai kauri.

Kada wani ya ce muku wanda ya iya ƙarami ya iya babba. Ƙarya ne. Na aika wa rugar cewa na tafi jinyar ƙafa, na zauna wurin surukina sati uku ina koyo a filin ƙwallo, yara suna kallo. Da farko ƙafata ba ta kai ƙasa, sai kan yatsu. Ni da na saba tsayawa ko'ina in sauke ƙafa biyu, yanzu sai na zaɓi inda zan tsaya tun daga nesa, in zame gindi gefe ɗaya, in dasa ƙafa guda. Ba shi da kik, maɓalli ake dannawa, amma kwana goma ƙafata tana neman kik a iska. Hannun mai kuwa, abin da kake murɗa wa ƙarami don ya motsa, in ka murɗa wa wannan sai ka tsinci kanka a gonar mutane. Sau huɗu ya kayar da ni. Ƙarami in ya faɗi da hannu ɗaya kake ɗaga shi. Wannan sai ka juya masa baya, ka tsuguna, ka kama kai da kariya, ka tura da ƙafafu kamar mai tayar da saniyar da ta kwanta.

A sati na uku na ari ƙwaryar 'yata, na cika da ruwa, na ɗora a baya. Na je bakin kasuwa na dawo. Ko ɗigo. Na tuna Malam Tanko, na yi masa addu'a. 'Yata ta sa na yi mata alkawarin ba zan hau ba sai da hular nan.

Na dawo Doguwa saura kwana biyu kasuwa ta ci. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in jira kasuwa, in kai shi gaban Ardo. Sai aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye na san rafi ya kawo, babu ƙaramin babur da zai tsallaka, nonon matan nan zai kwana a ƙwarya. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar kuwa, so nake su gan ni a kai. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, da furfura, amma zumuɗi ya ɗebe ni kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Wallahi maganar da muka yi da Ardo ko sau ɗaya ba ta faɗo mini ba. A kaina ni Sale ne, kowa ya san Sale. Na sa baƙar rigar saboda sanyin ruwa, na kifa hular.

Rafin bai tsayar da shi ba. Na shiga, ruwa har gwiwa, ya fita ta can yana gurnani. Na hau gangaren na ƙara masa wuta, na wuce tsamiya, na miƙe burtali. Ina jin daɗina.

Na shiga rugar na tarar babu kowa. Wuta tana ci a murhu, tukunya tana tafasa. Ƙwarya biyu a kife, nono yana bin ƙasa, kaji suna sha. Ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙofar bukka. 'Yan maruƙa suna ta jan igiya. Na kashe injin. Sai a lokacin, da shirun ya sauko, na ji abin da su suka ji.

Na cire hular na ajiye a ƙasa. Na tuɓe rigar. Na ɗaga hannu biyu na yi sallama da ƙarfi, na ce Sale ne, Sale mai nono. Na maimaita ya fi sau goma. Can sai ciyawa ta motsa ta yamma, Ardo Buba ya fito da sanda, samari uku a bayansa da adduna. Ya tsaya nesa ya ƙare mini kallo.

“Sale?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Wa ya aiko ka da wannan?”

“Nawa ne. Na canza.”

“Ka canza.” Ya gyaɗa kai. “Wa ya ce a riƙa kawowa kasuwa?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya yi kira da Fulatanci, mata da yara suka riƙa fitowa daga cikin dawa, jiƙe sharkaf, wasu ƙaya ta yage su. Babu wadda ta dube ni. Aka duba kowa ya dawo, ban da Inna Hajjo.

Duk mutanen rugar yamma suka yi, inda dawa ta yi tsayi, don nan suka shirya za su riƙa ɓuya. Aka bincike yamma kaf ba a gan ta ba. Wata jikarta ce ta ce ta ga kamar gabas ta yi. Ardo ya ce gabas kuma, me ke gabas? Babu komai can sai tsohon wurin garke, wanda tun waccan shekarar ba a sake ɗaure saniya a ciki ba. A cikin kwazazzabo muka same ta. Santsi ya kwashe ta, ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa. Tana zaune ta riƙe ƙafar, ba ta ko nishi. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai.

Mai ɗori yana tsallaken rafi, kuma a ranar babu abin da zai ɗauko shi sai babur ɗin da ya jawo abin. Na nufe shi zan danna maɓalli, Ardo ya ɗora sandarsa a kan tanki.

“Ba a nan ba.”

Na kama kansa na tura. Ban taɓa tura shi ba sai ranar. A taɓo, da nauyin nan, gwiwa tana ƙara. Sai da na kai gindin tsamiya, inda tudu ke tare sauti, sannan na tayar. Na ɗauko mai ɗori, muka dawo, na kashe a tsamiya, ya ƙarasa a ƙafa, ni na biyo shi ina turi.

Sati guda ban koma ba. Ban sani ba ko hanyar nan ta rufe mini ke nan, bayan shekara ashirin da bakwai, kuma ba ni da bakin tambaya. Ranar kasuwa matan suka hau baburan wasu, suka wuce ni a inuwar nan kamar ba su san ni ba. Kunya ta ishe ni, wannan kam zan faɗa. A rana ta takwas na bar babur a gida, na sayi goro da sukari, na tafi a ƙafa. Ardo ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na ce na zo neman afuwa, kuma in ji ko an yarda in dawo aiki.

“Ba ni ka karya ba,” ya ce. Ya nuna mini bukkarta da haɓa.

Tana kwance a kan tabarma, ƙafar a ɗaure da karare. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Na ce, “Inna, na yi laifi. Zan sayar da shi in nemi irin na da.”

Ta juyo ta dubi ƙafata.

“Gwiwar taka fa?”

“Tana nan.”

“Kindirmo yana tsinkewa a kansa?”

“Ko ruwa ba ya zuba, Inna.”

“To ka bar abinka, Kaɗo. Yaran nan da suka kai mana nono satin nan, ruwa suka kai kasuwa.” Ta gyara zaninta. “Ka dawo. Amma kada in sake jin sa.”

Na ce in Allah ya yarda ba za ta ji ba. Na yunƙura zan tashi, sai ta ci gaba da magana, ba ni take kallo ba, rufin bukka take kallo.

“Sun ce na ruɗe, ban san yamma ba. Na san yamma. Da na ji kukan nan, garke na nufa, in ce wa Gidado ya bar musu shanun.”

Tun da na san ta, ranar ce kaɗai na ji sunan nan a bakinta. Na ajiye goron a gefen tabarma na fito.

Ƙafar ta ɗoru, amma da sanda take tafiya yanzu, ta daina zuwa kasuwa. Surukarta ke kai nonon. Ardo ya ce mini sauran mutanen rugar sun saba, na kai shi kasuwa sun ji shi, ina iya shigowa da shi a kunne. Na ce na gode. Ba da Ardo na yi alkawari ba.

Daga tsamiya zuwa bukkarta akwai ɗan hawa a ƙarshe, wurin ne Nafi'u ya gan ni ina haki. Babur ɗin da na saya don in hutar da gwiwa, shi nake turawa da ita sau biyu kowace safiya, shiga da fita, fitar ma da ƙwarya huɗu a baya. Inna takan zauna a ƙofar bukka. Tunda babu tarin da zai gaya mata na taho, ba ta ɗaure faifai sai ta gan ni, sai in tsaya in jira ta gama. Gobe in Allah ya kai mu, duk wanda ke son kallo ya zo gindin tsamiya bayan fitowar rana. Amma ya kashe injinsa tun daga rafi.